Yadda ake ƙera noti da nifil na ƙaramin injin tururi, da yadda ake liƙa su da azurfa

Tambaya: Na haɗa ƙaramin injin tururi na kan tebur da tukunyarsa, tana aiki a matsin bar 4. Bututun na jan ƙarfe ne mai kaurin inci 1/8. Da farko na liƙa kawunan da dalmar masu gyaran rediyo, tururi na hawa suka fara tsiyaya. Na koma liƙin azurfa, ɗaya ya toshe bututun, ɗayan kuma azurfar ta dunƙule a waje ta ƙi shiga. Ina da ƙaramin injin let, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Ta yaya zan ƙera mahaɗan da kaina, kuma yaya ake liƙa su?

Amsa: Matsalolin nan uku da ka lissafa, biyu daga cikinsu, toshewa da dunƙulewa, suna iya farawa tun a kan injin let, kafin ka kunna wuta. Amma bari mu fara sallamar maganar dalma.

Tururi a matsin bar 4 zafinsa ya kai digiri 152 a ma'aunin Salshiyos. A bar 7 yana kaiwa 170. Dalmar rediyo, mai kuza kashi 60 da dalma kashi 40, tana narkewa tsakanin 183 da 190, kuma tun kafin ta kai nan ta riga ta yi laushi, tana saki a hankali idan ana jan ta. Noti kuwa jan nifil, wato ɗan kan da ake liƙawa a ƙarshen bututu, yake yi kullum. To ka ga ba ta da wurin zama a layin tururi. Duk abin da ka riga ka shafa wa dalma, nifil ne ko ƙarshen bututu, yanke shi ka yar. Kar ka ce za ka kankare ka sake liƙawa da azurfa. Ɗan ragowar dalma idan ya kai jan zafi cin jan ƙarfe da buras (gaurayen jan ƙarfe da tutiya) yake yi, ya bar ramuka, azurfar kuma ta lalace. Magagarin da ka goga dalma da shi ma ka ware shi daban.

Mahaɗar da ake sawa a waɗannan injuna guda uku ce a haɗe. Akwai jiki mai tiredi a waje, wato haƙoran da noti ke hawa, bakinsa an rarake shi kamar mazurari. Akwai nifil, ɗan guntun ƙarfe mai hanci da ake liƙawa a kan bututu, hancin yana zama cikin mazurarin. Sai noti, wanda ke zuwa ta bayan nifil ya danna shi ciki. Abin da ke hana tsiyaya shi ne haɗuwar hancin nifil da mazurari, ƙarfe a kan ƙarfe. Tiredi aikinsa matsewa kawai. Shi ya sa idan ka ga mutum yana naɗa farin tef na masu aikin famfo a tiredin wannan noti, ka san hancin nifil ɗinsa ne bai zauna ba, kuma tef ɗin ba zai gyara shi ba.

Wannan sana'a a Ingila ta yi ƙarfi, don haka awonta na inci ne har yau. Tiredin da suka fi amfani da shi ana kiransa ME, daga sunan mujallar Model Engineer da aka fara bugawa a 1898. Haƙoransa ƙanana ne, 40 ko 32 a kowane inci, kusurwarsu digiri 55. Yadda aka saba haɗa su da bututu shi ne: bututun inci 3/32 yana tafiya da tiredin 3/16 x 40 (wato kaurin inci 3/16, haƙora 40 a inci), na 1/8 da na 5/32 da tiredin 1/4 x 40, na 3/16 da 5/16 x 32, na 1/4 kuma da 3/8 x 32. Ramin da za ka huda kafin ka sa taf, abin yanka tiredi a cikin rami, ka cire tazarar haƙori ɗaya daga kaurin tiredin: milimita 4.1 ga 3/16 x 40, 5.7 ga 1/4 x 40, 7.1 ga 5/16 x 32, 8.7 ga 3/8 x 32. Idan taf da dayi (abin yanka tiredin waje) na ME ba su samu ba, na milimita masu ƙananan haƙora suna yin aikin: M5 x 0.5 da ramin 4.5, ko M6 x 0.75 da ramin 5.25. Tiredin bol na kasuwa, irin M6 x 1, haƙoransa sun yi zurfi, suna cinye naman da za ka rarake mazurari a ciki. Zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai. Noti na 1/4 x 40 zai iya hawa haƙori ɗaya ko biyu a kan tiredin da ba nasa ba, ka ɗauka ya shiga, sai ka sa sifana ka kashe duka biyun.

Game da ƙarfen da za ka sassaƙa, noti da nifil da duk abin da ke layin tururi buras ya isa, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya. Wanda ake kira CZ121, mai ɗan dalma kusan kashi 3 a cikinsa, shi ya fi daɗin yanka. Amma duk abin da za a liƙa a jikin tukunya, ko wanda zai zauna ƙasa da layin ruwa, a yi shi da tagulla, gaurayen jan ƙarfe da kuza, irin PB102 ko LG2. Ruwan zafi yana tsotse tutiyar da ke cikin buras a hankali, ƙarfen ya koma ja-ja, ya yi fuka-fuka, wata rana ya karye a gindin tiredi alhali tukunya na cike da tururi. Bututun kuwa, jan ƙarfe mara ɗinki. Masu sayar da kayan gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki suna da na 3/16 da na 1/4, kuma mai kyau ne. Na 1/8 mai bangon milimita 0.7 ramin cikinsa kusan 1.75 ne, ka riƙe wannan adadi.

Ga awon da ke aiki ga bututun 1/8 da tiredin 1/4 x 40.

Noti tukuna. Sanda mai kusurwa shida, faɗin inci 5/16. Ka daidaita fuskarta, ka sa santa diril, ɗan gajeren diril na fara rami a tsakiya, ka huda milimita 4.4 zurfin 10. Ka faɗaɗa da 5.7 zurfin 6.5. A nan akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: bakin diril yana barin gindin rami a karkace, kuma a wannan gindin ne kafaɗar nifil za ta jingina. Ka miƙar da shi da diril da aka goge bakinsa ya zama shafaffe, ko da ƙaramar wuƙar rarake. Idan ka bar shi a karkace, noti zai riƙa matse kafaɗar nifil ciki, wata rana ta zurma ta ramin ta fito. Ka sa taf mai tsini, ka bi da mai shafaffen baki don tiredi ya kai gindi. Taf ɗin a riƙe shi a kan baya na injin, wato mariƙin diril da ke fuskantar sandar, ka juya cak, abin da ke riƙe sandar, da hannu, injin a kashe. Ka sassabe kusurwoyi, ka yanke a tsawon milimita 8. Tunda ka riga ka saita inji, yi shida ko takwas a zama ɗaya.

Buras yana da halin fizgar diril, musamman lokacin faɗaɗa ramin da aka riga aka huda. Ka ɗan goga kaifin bakin diril da dutsen wasa, sau biyu ko uku, ya zama a tsaye. Wuƙar let ma samanta a shafe, ba gangara. A bushe ake yanka shi, gudu kuma sama da juyi 1000 a minti ga waɗannan ƙananan sanduna.

Jikin mahaɗa daga sandar nan dai. Ka sassaƙe tsawon milimita 6 zuwa kaurin 6.35, ka sassabe bakin, ka yi tiredi da dayi a mariƙinsa na kan baya. Dayi mai tsagi a buɗe shi a zagayen farko, ka gwada da notin da ka yi, sannan ka ƙara matsewa idan da bukata. Noti ya shiga da yatsu, ba tare da girgiza ba. Dayi ba ya kai tiredi har gindin kafaɗa, sai ka juya shi ta baya ka sake bi, ko ka yi ɗan siririn kwari a gindin. Mazurarin kuwa da santa diril ake yin sa, domin kusurwarsa digiri 60 ce cif. Mai lamba BS2, jikinsa inci 3/16, ka tura shi har bakin ramin ya kai kusan milimita 4.6, ka tsaya kafin jikin diril ya shige. Idan ka zarce, bakin zai yi siriri ya buɗe kamar fure da zarar an matse noti. Ka rage gudu a ƙarshe, ka bar shi ya ɗan shafa, don fuskar ta fito sumul ba zane. Sannan ka huda 1.8 ya wuce. Duk wannan a kamu ɗaya za ka yi shi, kar ka cire sandar daga cak tsakanin tiredi da mazurari, in ba haka ba ba za su zauna a tsakiya ɗaya ba.

Nifil shi ne ƙarami, kuma shi ne mai hukunci. Sanda zagayayya ta milimita 6, ka sassaƙe ta zuwa 5.5, don ta wuce cikin tiredin noti ba tare da gogawa ba. Ka karkata ƙaramin silaid na sama, wanda ke ɗauke da wuƙar let, digiri 30, ka yanka hanci har bakinsa ya rage 2.6. Ka huda 1.8. Ka bar kafaɗa mai kaurin milimita 1 a bayan hanci, ka sassaƙe wutsiya zuwa 4.3, tsawon 4, ka yanke. Ka juya shi a cikin ɗan zobe mai tsagi don kar cak ya ciji hancin, ka faɗaɗa ramin wutsiya da diril 3.3 zurfin milimita 4. Wannan matakalar da ta rage a ciki, inda rami ya sauka daga 3.3 zuwa 1.8, ita ke tsayar da bututu. A ƙarshe ka ɗan sassabe bakin ramin wutsiya, kamar rabin milimita, wurin da zoben azurfa zai kwanta.

Me ya sa 3.3, alhali bututun 3.18 ne? Nan ne zuciyar aikin. Narkakkiyar azurfa ba zuba ta ake yi ba, tsagin ne ke tsotse ta, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Tsagin da ke tsotsa da kyau yana tsakanin milimita 0.05 da 0.15. Diril 3.3 yana ba ka kusan 0.06 a kowane gefe. Idan bututu sai an buga shi ko an murɗa da ƙarfi kafin ya shiga, babu hanyar da azurfa za ta bi, sai ta tsaya a baki ta yi zobe mai kyan gani, ciki kuwa fayau. Irin wannan yana iya riƙe iska a gwaji, ya cire a ranar da aka matse noti. Idan kuma ramin ya yi yawa, bututu na rawa a ciki, tsotsar ta mutu, azurfa ta gangara ta wuce matakala ta cika rami. Ma'aunin hannu shi ne bututu ya shige da yatsu biyu cikin sauƙi, ka juya shi ba tare da ya kama ba. Don nifil kar ya faɗo lokacin ɗumamawa, ka ɗan latsa ƙarshen bututun da filaya ya yi ɗan ƙwai kaɗan, ko ka yi masa ɗigo uku da tsinin fanc. Zai kama a wurare biyu ko uku, sauran zagayen ya zauna a buɗe.

Azurfar da ta dace ita ce mai kashi 55, ba kadmiyom a ciki, tana narkewa tsakanin digiri 630 da 660. Kamfanin Johnson Matthey na sayar da ita da sunan Silver-flo 55. A Amurka takwararta ita ce BAg-7 mai kashi 56. Buras yana narkewa wajen 900, jan ƙarfe 1085, don haka kana da sarari, amma ga abu ƙarami kamar nifil sararin daƙiƙu ne. Ka sayi waya siririya, milimita 0.5 ko 0.7. Sanda mai kaurin 1.5 ta aikin tukunya ce, ɗigo ɗaya daga gare ta ya fi abin da nifil uku ke bukata, kuma ina kyautata zaton ita ta toshe maka bututu.

Abu biyu ka guje su. Tsohuwar azurfa mai kadmiyom, irin Easy-flo No. 2, tana gudu da daɗi, amma hayaƙinta guba ne ga huhu, Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun ƙarshen 2011. Sandar da ba ta da takarda ba ka san abin da ke ciki ba. Na biyu, sandar da masu gyaran firiji ke liƙa bututu da ita, mai jan ƙarfe da fosfarus. A kan jan ƙarfe da jan ƙarfe ba ta bukatar fulaks, garin da ke share tsatsa don liƙi ya kama, shi ya sa ake son ta, amma zafin da take so ya haura 700, liƙinta na da gautsi, kuma hayaƙin kwal mai farar wuta yana cinye ta. Ba a yarda da ita a tukunyar tururi ba, a bututun ma ban ba ka shawara ba.

Fulaks dole ya dace da azurfar. Na Easy-flo yana aiki daga digiri 550 zuwa 800, wato yana narkewa ya share ƙarfe kafin azurfa ta narke. Boraks zalla, wanda maƙeran fari suka saba da shi, sai wajen 740 yake narkewa, azurfar kashi 55 ta riga ta narke a kan ƙarfe mai tsatsa ta dunƙule. Man fulaks na dalma kuma ƙonewa yake tun kafin a je ko'ina. Idan da ɗaya daga cikin waɗannan biyu ka yi aiki, ga dalilin dunƙulewarka nan. Garin a kwaɓa shi da ruwa ya yi kauri, a ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo ɗaya don ya kama ƙarfe. Kwaɓa kaɗan, na yini ɗaya. Akwai fuloraid a cikinsa, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa, a wanke hannu.

Yanzu liƙin kansa. Ka yanka bututu da zarto mai ƙananan haƙora, ka miƙar da bakin da magagari, ka cire kaifin ciki. Abin yanka bututu mai faifai yana matse bakin ƙaramin bututu ya rage rami, idan da shi ka yanka sai ka buɗe da diril. Ka goge milimita 6 na ƙarshe har ya yi ƙyalli, ka share da sifirit, kar ka sake taɓawa da yatsa. Ka zura noti a bututu, bakin tiredinsa na kallon ƙarshen da za ka liƙa. Ka duba wannan sau biyu, domin idan ɗaya ƙarshen ya riga ya sami nifil ko an lanƙwasa shi, babu gyara sai yanka. Ka tura notin nesa, ka tare shi da ɗan waya ko ƙaramin kilif, kar ya gangaro cikin wuta ya liƙe.

Ka naɗa wayar azurfa a kan guntun bututun, ko a gindin diril mai kauri ɗaya, ta zama kamar sifirin, ka yanke ta zobe-zobe. Zobe ɗaya na wayar 0.5 ya ishi nifil na 1/8. Ka zura zoben a bututu. Ka shafa fulaks siriri a wajen bututu, kar ka sa a fuskar bakinsa, kar ka cusa shi cikin ramin nifil. Duk inda fulaks ya je azurfa za ta bi shi, har cikin rami. Ka sa nifil, ka sauko da zobe ya zauna a bakin wutsiya, ka rufe shi da ɗan fulaks. Hancin nifil da bayan kafaɗa ka shafa musu farin ruwan goge rubutu irin Tipp-Ex, ko ka murje su da fensir mai laushi, azurfa ba ta hawa kansu.

Ka tsayar da bututun nifil na ƙasa, hancinsa a kan bulon wuta mara nauyi, bututu na kallon sama, zobe na zaune a kan wutsiya. Wasu suna fifita a kwance, bakin na leƙowa daga gefen bulo, hakan ma yana yi. Bulon siminti ko na ƙasa bai dace ba, yana shanye zafi, na siminti kuma yana iya fashewa ya watso. Kar ka kama bututun da bais kusa da wurin, ƙarfen zai kwashe zafin.

Ƙaramin bakin wuta na gas ɗin girki, ko mai gwangwanin butan, ya ishi bututu har inci 1/4. Wutar masu walda ta iskar oksijin da kabaid ta haura digiri 3000, za ta narkar da nifil kafin ka ƙifta ido. Ka fara daga nesa har ruwan fulaks ya bushe, in ba haka ba zai tafasa ya ture zoben. Sannan ka kai wuta kan bututun, kamar milimita 10 sama da nifil. Jan ƙarfe yana kwashe zafi ya gudu da shi, nifil kuwa ƙarami ne, nan da nan yake ɗauka. Idan ka fara da nifil, zai yi ja alhali bututun bai kai ba, azurfa ta malale a jikin buras ta bar tsagin. Ka sa ido a kan fulaks: zai yi fari ya kumbura, ya lafa, sannan ya koma garau kamar ruwa. A lokacin ƙarfe ya fara ja mai duhu, wanda sai a inuwa ake ganinsa, shi ya sa ba a wannan aiki a tsakar rana a waje. Sai ka sauko da wuta kan jikin nifil, ƙasa da zoben. Azurfa tana bin inda ya fi zafi. Za ka ga zoben ya yi ƙyalli, ya faɗa, ya ɓace cikin tsagi, ya bar siririn layi mai haske a zagaye. Ka ƙirga ɗaya, biyu, ka janye wuta. Daga bushewar fulaks zuwa nan bai kamata ya wuce rabin minti ba.

Kar ka ɗora wuta kai tsaye a kan zoben. Zafin ƙarfe ne zai narkar da azurfa. Idan wuta ce ta narkar da ita, za ta zama ƙwallo a kan ƙarfe mai sanyi. Idan kuma wutar ta yi ƙanƙanta ka daɗe kana gasawa, fulaks zai gaji, ya koma baƙi ko kore mai kama da gilashi, ƙarfe ya yi tsatsa a ƙarƙashinsa. Daga nan ƙarin wuta ba ya ƙara komai. Ka tsaya, ka bar shi ya huce, ka wanke a asid, ka sake sabon fulaks. Farin hayaƙi daga buras alama ce tutiya na ƙonewa, ka wuce gona da iri, kuma kar ka shaƙa.

Ka bar shi ya huce har jan ya ɓace gaba ɗaya kafin ya taɓa ruwa. Azurfar da ke da kuza a ciki tana iya tsagewa idan aka tsoma ta da zafi sosai. Wankin da ya fi sauƙi shi ne asid ɗin sitirik na masu abinci, gram 10 zuwa 20 a litar ruwa, cikin roba mai murfi. Da ruwan ɗumi minti 20 zuwa 30 ya isa, da na sanyi sai awanni. Tsofaffin masu sana'ar da asid irin na batir suke yi, kashi 1 cikin 10 na ruwa, yana da sauri amma yana cin tufa da fata, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a juya tsarin. Ga ƙananan kaya ban ga amfanin haɗarin ba. Kar ka sa filayar baƙin ƙarfe ko wayar ƙarfe cikin ruwan wankin, za su sa jan ƙarfe ya hau kan buras ya yi ja. Ja-jan da ke fitowa ko ba haka ba, na sama ne, buroshin buras na cire shi.

Bayan wanki ka ɗauraye, ka hura iska ta cikin bututun, ka zura waya ka tabbatar ramin a buɗe yake. Fulaks da ya daskare a ciki gilashi ne, idan ya ɓalle daga baya zai tafi cikin bawul ko silinda. Ka leƙa ta hancin nifil da gilashin ƙara girma: siririn layin azurfa a gindin matakala shaida ce ta ratsa har ƙasa. Bututun da ya toshe ana iya buɗe shi da diril 1.7 a hannu, idan toshewar a baki take. Azurfar da ta hau hanci kuwa, kar ka bi ta da magagari, ba za ka dawo da zagayen ba. Yanke ka sa wani, shi ya sa aka ce ka yi da yawa.

Bututu mafi siriri, na inci 1/16 da ke zuwa agogon matsi, ya fi kowanne saurin toshewa. A nan rabin zobe ya isa, kuma dabara ita ce a huda nifil ya wuce gaba ɗaya, a bar bututun ya leƙo milimita 2 ta hanci, a shafa wa bakinsa Tipp-Ex, a liƙa, sannan a yanke abin da ya leƙo a goge.

Gwiwa da ti, wato mahaɗa mai lanƙwasa da mai siffar harafin T, ana haɗa su ne daga guntaye. Ka ƙera jiki mai tiredi a ƙarshe ɗaya ko biyu, ka huda rami a gefensa, ka yi wa reshen ɗan ƙaramin wuya da zai zauna a ramin da sararin nan na 0.05. Kar ka huda reshen ya wuce tukuna, ka bar ɗan bango, ka liƙa, sannan ka ƙarasa hudawa, ta haka azurfa ba ta da hanyar shiga. Tiredi a rufe shi da Tipp-Ex, bayan wanki a sake bi da dayi. Buras da ya sha wuta yana laushi, don haka kar ka kama tiredinsa a cak, ka yi ɗan guntu mai tiredin ciki ka ɗaura shi a ciki. Idan abu ɗaya zai sha liƙi biyu kusa da juna, na farko a yi shi da azurfa mai kashi 38 ko 40, wadda sai ta haura 700 take gama narkewa, na biyu da mai 55. Bawul mai ƙwallo a liƙa shi tukuna, a yanka mazaunin ƙwallon daga baya, domin wuta na ɓata mazaunin da aka riga aka gyara.

Lanƙwasa bututu kafin liƙa nifil na biyu ake yi. Ka fara gwada hanyar da wayar ƙarfe mai laushi, ka miƙar da ita ka auna tsawo. Ka gasa bututun ya yi ja mai duhu, ka bar shi ya huce ko ka tsoma a ruwa, ga jan ƙarfe duk ɗaya ne. Ka lanƙwasa a kan zagayayyen abu mai kwari daidai kaurin bututun, gwiwar kar ta fi ninki 3 na kaurinsa matsewa. Da ka ji ya fara tauri a hannu, ka sake gasawa, in ka tilasta zai lotse. Ka bar aƙalla milimita 12 a miƙe bayan nifil don noti ya sami wurin ja da baya.

Wajen ɗaurawa, hancin nifil ya zauna cikin mazurari da kansa kafin noti ya taɓa tiredi. Idan sai ka ja bututu da ƙarfi kafin ya kai, gyara lanƙwasar, kar ka bar noti ya jawo shi. Ka ɗaura da yatsu har ya tsaya, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin shida na zagaye da ƙaramar sifana, kana riƙe da jikin mahaɗar da wata. Idan ya tsiyaya a haka, ka kwance, ka shafa wa hancin tawadar baƙin alƙalamin maka, ka mayar ka juya kaɗan: zobe cikakke ya kamata ka gani. Inda ya yanke nan ne matsalar, ko datti, ko zane, ko notin ya kai gindi kafin ya danna nifil. Ɗayan ƙarshen mahaɗar, wanda ke shiga jikin tukunya ko silinda, shi ne ke bukatar abin toshewa: washar jan ƙarfe da aka gasa ta yi laushi, ko tef zagaye biyu, a bar haƙorin farko a buɗe don kar yage-yagensa su shiga layi.

Gwajin farko da iska, bar 2, a tsoma bututun cikin ruwa ko a shafa kumfar sabulu. Gwajin ƙarfi kuwa da ruwa ake yi, ba da iska ba, domin ruwa ba ya matsuwa, idan wani abu ya saki ɗigo kawai za ka gani. Ƙa'idar ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Birtaniya ita ce sabuwar tukunya a gwada ta a ninki 2 na matsin aiki, da kayanta a ɗaure kuma ninki 1.5. Taka mai bar 4 ke nan za ka cika ta da ruwa fal, ba iska ko kaɗan, ka toshe mazaunin bawul ɗin kariya, ka kai ta bar 6 da famfon hannu, ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Bayan tururin farko, idan komai ya huce, ka sake taɓa notocin da sifana, sau da yawa sukan ɗan saki.